Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Gyaran Mota Da Batun Amana

 A wannan fitowa ina so mu yi tunani tare a kan wata tambaya da ta daɗe tana damuna, wadda na tabbata ta taɓa ratsa zuciyar duk wanda ya taɓa ba wani aiki ya kuma biya shi ladansa. Ga tambayar: idan mutum ya ce maka ya gama aikin da ka ba shi, kai kuwa ka ce sai ka gwada ka gani, cin mutunci ka yi masa, ko kuwa abin da ya wajaba ka yi? A garejin kanikawa wannan tambaya ta same ni, saboda haka daga can zan fara.

Ina zaune da iyalina a Karu, ina aiki a cikin birnin Abuja. Duk mai bin hanyar Keffi ya san hawan Kugbo, doguwar hawan nan da ake yi bayan an bar Nyanya kafin a kai shataletalen AYA da ke Asokoro. Motata tsohuwa ce, irin 'yan Kwatanon da aka mora a Amurka kafin su iso hannunmu. Kwanakin baya ta soma wani hali. Da sanyin safiya lafiya lau take, amma idan inji ya yi zafi a cikin cunkoso, aka kuma kama hawan, sai ta riƙa kakkarwa, ƙarfinta ya ragu, fitilar gargaɗin nan mai siffar inji ta kunnu a gaban sitiyari.

Wata ranar Juma'a da yamma na kai ta wani gareji kusa da gida. Saurayin da ya karɓe ni mai ladabi ne. Ya jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya duba, ya ce fulogi ne. Ya canza guda huɗu, ya latsa maɓalli, fitila ta mutu. Ya tayar da inji, ya taka totur sau biyu ko uku motar tana tsaye, ya dube ni da murmushi ya ce, "Baba, ka ji kukanta? Ai ta koma sabuwa." Zuciyata ta ce mini in roƙe shi mu hau Kugbo da ita tukuna. Amma na ga ya gaji, na ga ya girmama ni, na ji kunyar kada ya ɗauka ban yarda da shi ba. Na biya, na yi godiya, na tafi.

Asabar da Lahadi ban wuce unguwa ba. Ranar Litinin da safe na ɗauki surukata zan kai ta ganin likita a cikin gari, uwargida tana riƙe da ita a kujerar baya. Muka daɗe a cunkoson Nyanya, ga ruwa ana yi. Muna tsakiyar hawan sai mota ta soma rawa, fitilar ta dawo, wannan karo tana ƙiftawa, ƙarfi ya tafi, ga tirela a bayanmu tana ta zuba oda. Da ƙyar na lallaɓa zuwa gefen hanya. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Amma mun rasa ganin likita a ranar, kuma a gefen hanyar nan na gane cewa kunyar da na ji ranar Juma'a, rayukan mutum uku na ɗora a kanta.

Abin da fitilar take faɗa

Domin mu fahimci inda kuskuren yake, ya kamata mu san yadda abin yake aiki. Mu da muka tashi a zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, mun saba da bakaniken da yake gane ciwon inji da kunne da hanci da tafin hannu. Motocin yau kuwa suna da kwamfuta a cikinsu, wadda kanikawa suke kira ƙwaƙwalwar mota. Tun daga motocin shekarar 1996, doka ta tilasta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta kasance da tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu, motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Shi ya sa kusan duk motar da ke yawo a Abuja a yau tana da wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike.

Idan ƙwaƙwalwar ta ga abin da bai yi daidai ba, sai ta ajiye lamba, ta kunna fitila. Lambar da ta fito a motata ita ce P0301, ma'anarta kuwa silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Ku lura da kyau, lambar ba ta ce fulogi ya lalace ba. Wurin ciwon ta nuna, ba ta faɗi sanadinsa ba. Mai yiwuwa fulogi ne, mai yiwuwa kwayil ɗin da yake ba shi wuta ne, ko nozul mai fesa mai, ko kuwa matsin silindar ne yake zurarewa ta bawul ko gasket. Kamar yaro ne ya ce cikinsa yana ciwo. Gaskiya ya faɗa, amma har yanzu da sauran aikin likita.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Na'urar da take karanta lamba tana iya share ta, cire kan batir ma yakan share ta a motoci da yawa. Da zarar an share, fitila za ta mutu, ko an yi gyara ko ba a yi ba. Matsaloli da dama kuma sai ƙwaƙwalwar ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta sake kunna fitilar. Ke nan mutum yana iya barin gareji da allo mai tsabta, alhali ciwon yana nan kwance yana jiran zafi da hawa. Ƙiftawar da na gani a Kugbo kuwa gargaɗi ne mai tsanani, gama ɗanyen man da bai ƙone ba yana bi ta salansa ya lalata matatar hayaƙi, wadda kanikawanmu suka laƙaba wa suna indomi, kuma duk wanda ya taɓa sayenta ya san tsadarta.

Masu ƙera motoci sun san da wannan, sun kuma yi tanadi. Ƙwaƙwalwar tana da jerin gwaje-gwajen da take yi wa kanta a kan hanya. Idan aka share lamba, dukansu sukan koma matsayin ba a kammala ba, kuma ba za su cika ba sai motar ta tashi da sanyi, ta yi zafi, ta yi tafiyar cikin gari, ta kuma yi doguwar tafiya da gudu madaidaici. Wani lokaci sai an ɗauki kwanaki. Idan gyaran ya yi, ko ba a share komai ba, fitilar takan mutu da kanta bayan tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta sake bayyana ba. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga wajen 2010 ma suna ajiye wata lamba ta dindindin wadda na'ura ba ta iya sharewa, sai motar da kanta ta tabbatar ciwon ya tafi. Wato masu ƙirar ba su yarda a ɗauki mutuwar fitila a matsayin shaidar gyara ba.

Yadda aka gano ciwon

Aka ja motar zuwa Apo, inda kanikawa da masu sayar da kayan gyara suka yi sansani mafi shahara a Abuja. Wani ɗan'uwa ya haɗa ni da wani dattijon bakanike. Kafin ya taɓa na'ura sai ya zaunar da ni ya tambaye ni, "Maigida, yaushe take yi? Da sanyi ko da zafi? A tsaye ko a hawa? Kai kaɗai ko da kaya?" Bayan ya karanta lambar, ya rubuta ta a takarda. Sai ya cire kwayil na silinda ta ɗaya ya musanya shi da na ta biyu, ya ce mu shiga mu zaga. Da inji ya yi zafi, muka kama tudu, mota ta soma rawa. Ya duba na'ura, lambar ta koma P0302. Ciwon ya bi kwayil ya koma silinda ta biyu. Ya ce, "To, yanzu mun kama ɓarawon da hannu a cikin tukunya."

Ya sa sabon kwayil. Na zaro kuɗi zan biya, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, Maigida, ban gama ba. A ina ta kunyata ka?" Na ce a Kugbo. Ya ce, "Can za mu." Muka gangara har Nyanya, muka juyo, muka shiga cunkoso, muka hau da na'urar sanyaya mota a kunne. Ba ta ko yi tari ba. Duk da haka ya ce in dawo bayan mako guda ya duba ko ƙwaƙwalwar ta kammala gwaje-gwajenta. Na koma, ya nuna mini da idona, sa'an nan ya ce aikin ya ƙare.

Saurayin farko ba ɓarawo ba ne. Fulogin da ya cire sun tsufa da gaske, kuma na gaskata ya yi zaton ya gyara. Bambancinsa da dattijon shi ne, shi ya tsaya a inda zatonsa ya ƙare, dattijon kuwa bai tsaya ba sai da ya mai da motar wurin da ta gaza, ya ba ta zarafin sake gazawa, ta ƙi.

Shin gwaji zargi ne?

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Akwai hujjoji masu nauyi a wajen masu cewa bai kamata a bi diddigin aikin mutum ba, kuma ba daidai ba ne mu yi watsi da su. Mun tashi a cikin al'adar da take girmama kunya da kara. Mukan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Mun kuma san cewa zaman jama'a ba ya yiwuwa sai da yarda, gama ba wanda yake auna kowane mudun hatsi sau biyu, ko ya kai kowace ƙwayar magani ɗakin gwaji kafin ya haɗiye. Mun ga kuma masu kuɗin da suke tsayawa a kan ma'aikaci da raini, suna yi masa kallon ɓarawo tun bai buɗe bonet ba. Irin wannan hali yana kashe zuciyar mai sana'a, ba kuwa abin da nake karewa ke nan ba.

Amma a ganina mun cakuɗa abu biyu da suka bambanta. Akwai tambayar ko mutumin nan mai gaskiya ne, akwai kuma tambayar ko motar nan ta gyaru. Ta farko a kan halinsa take, ta biyu kuwa a kan ƙarfe da wuta da mai. Mutum yana iya zama mai gaskiya ƙwarai, motar kuma ba ta gyaru ba, domin mai gaskiya ma yana kuskure. Kwayil ba ya sanin kyakkyawar niyyar wanda ya taɓa shi. Idan na ce mu hau Kugbo, motar nake tuhuma, kuma da ni da bakaniken gefe ɗaya muke a shari'ar. Ranar Juma'ar nan na bar tambaya ta biyu ba amsa, don tsoron kada a ce na yi ta farko.

Littafi Mai Tsarki ma bai ɗauki dubawa a matsayin cin fuska ba. A Littafin Firistoci sura 14 an ba da ka'ida a kan gidan da wani irin tabo ya ɓulla a bangonsa. Akan cire duwatsun da abin ya shafa, a kankare bango, a sa sababbin duwatsu, a yi sabon yaɓe. Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Firist zai sake zuwa ya duba ko tabon ya dawo bayan gyaran, kuma sai idan bai dawo ba ne za a ce gidan ya tsarkaka. Sabon yaɓe yana rufe komai a ranar farko, shi ya sa aka bar wa lokaci ya ba da shaida. Haka kuma a Matiyu sura 8, da Yesu ya warkar da kuturu, ya aike shi ya je ya nuna kansa ga firist. Idan aikin da babu shakka a cikinsa bai guji idon mai dubawa ba, ina dalilin da aikin hannunmu zai guje shi?

Akwai wani dalili kuma. Da a ce ni kaɗai abin zai shafa, da sai a ce kunyata ce, asarata ce. Amma mota ba ta ɗaukar mai ita kaɗai. Akwai matar da ke kujerar baya, akwai yaran makaranta, akwai direban da ke biye, akwai mai tallan da ke gefen titi. Ba ɗayansu da yake wurin sa'ad da na yi wa bakanike kara, amma su ne za su biya kuɗin karar. Ina da ikon yafe abin da yake nawa, ba ni da ikon yin kyauta da lafiyar wani don in tsira da sunan mutumin kirki.

Gwaji kuma gata ne ga mai gaskiya. A inda ba a gwada aiki, wanda ya ɓata awa uku yana neman asalin ciwo da wanda ya latsa maɓalli cikin minti biyar duk ɗaya suke a idon mai mota, gama dukansu sun miƙa mota da fitila a mace. Na biyun ma ya fi araha, ya fi sauri, saboda haka shi zai fi samun kasuwa. Kunyarmu ita take ciyar da mai aikin ganin ido, ta bar mai aikin ƙwarai da yunwa. Shi ya sa dattijon Apo ya fi ni son a je Kugbo. Hawan nan ne kaɗai zai iya yi masa shaida.

Gwajin da bai kai gwaji ba

Sai dai ba kowane gwaji ne yake tabbatar da abu ba. Saurayin farko ma ai ya yi nasa, ya taka totur a tsaye. Matsalar ita ce motar ba ta taɓa gazawa a tsaye ba, don haka cin wannan jarrabawa bai nuna komai ba. Gwajin gaskiya shi ne wanda aikin zai iya faɗuwa a cikinsa idan bai yi ba.

Manyan duniya ma sun faɗa wannan rami. A watan Satumba na 2015, hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal wata manhaja da take gane lokacin da ake gwada mota a ɗakin gwaji, sai ta rage hayaƙi mai guba, idan an fita kan hanya kuma ta sake shi, har ya kai ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci wajen miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Waɗanda suka fara bankaɗo zancen masu bincike ne na Jami'ar West Virginia, kuma ba wata dabara suka yi ba illa ɗora na'urar awo a kan motocin su bi hanya da su, suka fitar da sakamakonsu a 2014. Abin da dattijon Apo ya yi ke nan.

A nan gida kuma, ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, sa'ad da aka shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam wanda sinadarin methanol ya yi yawa a cikinsa. Masu motoci suka yi ta kukan lalacewar inji, aka janye man daga kasuwa, layuka suka yi tsawo a gidajen man Abuja da Legas. Shugabannin kamfanin mai na ƙasa sun bayyana cewa an gwada man a tashar da aka yi lodinsa da kuma inda aka sauke shi, ya kuma ci jarrabawa, sai dai awon methanol ba ya cikin gwajin da aka saba yi. Takardar shaida ba ta yi ƙarya ba, ta amsa tambayoyin da aka yi mata ne kawai. Darasin a nan shi ne, kafin mu dogara ga kalmar an gwada, mu tambaya me aka gwada, a wane yanayi kuma.

Ina iyakar gwaji?

Wani zai ce, to, idan haka ne ba ranar da mutum zai huta, gama ba gwajin da zai tabbatar mota ba za ta lalace gobe ba. Gaskiya ne. Gwaji kuma yana cin kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, zagayen Apo zuwa Nyanya da dawowa ba abin wasa ba ne ga aljihun ma'aikaci, lokacin bakanike ma kuɗi ne. Mai neman tabbaci marar iyaka zai ƙare da zargin kowa, ya hana kansa barci, ya hana wasu.

Amsar da na samu ita ce, gwaji yana da ma'auni biyu. Na farko, a mai da abin wurin da ya gaza. Ba a bukatar a kai mota Lokoja don a tabbatar da ciwon da yake tashi a Kugbo, amma ba a isa a tsaya a bakin gareji ba. Na biyu, zurfin gwaji ya yi daidai da girman abin da za a rasa. Rediyon mota idan ya ƙi, haushi ne kawai. Inji mai mutuwa a tsakiyar hawa, ko birki, ko sitiyari, maganar rai ce. Motar da za ta kwashi 'yan zumuntar mata zuwa taro a Jos ko Kafanchan ta cancanci dubawar da ta fi ta mai zuwa cefane a kasuwar Karu. Idan an yi waɗannan biyun, sai a yarda, a biya da farin ciki, a bar sauran ga Allah. Yarda ta gaskiya a nan take zama, kuma ita ce mai daɗewa. Yau idan dattijon nan ya ce mini abu kaza ne, ba na jayayya, domin na ga yadda yake bi da maganar bakinsa.

Namu laifin

Kada mu ɗora wa kanikawa kaya duka, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sau nawa mu masu mota muke cewa, "Kai dai kashe mini fitilar nan, tana damuna"? Sau nawa ake gaya mana gaskiyar abin da ya lalace, mu ce a yi mana dabara, a cire abin da yake daidaita zafin inji a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, sa'an nan in abin ya ɓaci mu ce bakanike ne mugu? Sau nawa muke ɓoye cewa mun bar mota ta tafasa, ko mun sha mai a bakin hanya, mu bar mutum yana lalube a cikin duhu? Sau nawa kuma muke ƙin biyan ladan bincike, muna cewa ai ba abin da ya canza, alhali binciken ne rabin gyaran?

Mafi muni shi ne abin da ake yi wajen sayar da mota. Mutum ya san injinsa yana da ciwo, sai ya sa a share lamba da safe, mai saye ya zo da rana ya ga allo fes. Wasu har cire ƙwan fitilar suke yi, ko su liƙe ta daga ciki. Mai yin haka zai ce bai faɗi ƙarya ba, bai ce komai ba. Amma ya shirya abin da zai yi ƙaryar a madadinsa, kuma wanda ya saya zai ɗauki 'ya'yansa a ciki. Ɗan'uwa, idan ka taɓa yin haka, ka san lambar wayar wanda ka sayar wa. Ka kira shi.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin samun aiki mai inganci, da haƙƙin a gyara masa ko a mayar masa da abin da ya dace idan aikin bai yi ba. Jami'an VIO na Abuja kuma suna ba da takardar shaidar lafiyar mota. Amma hukuma ba za ta iya tsayawa a kowane gareji ba, takardar shekara guda kuma ba ta san abin da ya faru ranar Juma'a da yamma ba. Abin da ya rage yana hannun mutum biyu da lamirinsu.

Abin da za mu iya yi

Ga 'yan shawarwari ga iyalanmu. Kafin ka kai mota, ka lura da lokacin da take yin ciwon, ka faɗa wa bakanike dalla-dalla ba ɓoye-ɓoye. Ka roƙa a rubuta maka lambar da na'ura ta nuna kafin a share ta. Ka tambaya cikin ladabi yadda aka tabbatar cewa abin da za a canza shi ne mai laifin. Ka karɓi tsohon da aka cire. Tun kafin a fara aiki ku yi magana cewa za a gwada motar a kan hanya, kai ne kuma za ka zuba man, gama abin da aka faɗa tun farko ba ya zama zargi daga baya. Ka koma bayan 'yan kwanaki a duba ko ƙwaƙwalwar ta kammala gwajinta. Idan za ka sayi mota, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Dole fitilar ta kunnu, sa'an nan ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kunnu ba sam, akwai magana. Idan kuma na'ura ta nuna gwaje-gwajen duk ba su kammala ba, ka san ba a daɗe da share wani abu ba.

Ku kuma 'yan'uwanmu kanikawa, da iyayen da suka kai 'ya'yansu koyon sana'ar, ku koya wa yaran cewa kalmar na gama alkawari ce, kada su furta ta sai sun gani da idonsu. Ku riga mai mota cewa a je a gwada. Idan ba ku gano ciwon ba, ku ce ba ku gano ba tukuna. Wannan magana ba ta rage darajar kowa.

Bayan kwana biyu na koma wurin saurayin nan da tsohon kwayil a hannuna. Ban je da faɗa ba. Na nuna masa, na gaya masa yadda aka musanya aka gano, na kuma ce masa laifin namu ne mu biyu, shi bai gwada ba, ni ban nema ba. Ya yi shiru, ya jujjuya kwayil ɗin, sa'an nan ya ce, "Baba, da ka ce mu je, ai da na bi ka." Na gaskata shi. Kunyar da na ji dominsa, shi bai ma bukace ta ba.

Allah ya ba mu gaskiya a cikin aikin hannunmu, ya ba mu tawali'un yarda a duba shi, ya kuma kiyaye fitarmu da shigarmu a kan hanyoyin nan. Amin.